KATIN AWO A FALON HAJIYA

Shafi na 19

Masu cika mini akwatin saƙo da cewa Tela ta cika sanyi, na ji ku. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto mini cewa "ai da ta rage ci da ba haka ba," yau da ke nake, ki gyara zama.

*

Tun daga bakin ƙofa Tela ta san ba don gaisuwa aka kira ta ba.

An kashe talabijin. A gidan surukarta kuwa ba a kashe talabijin da rana tsaka sai in za a ci mutuncin wani.

Hajiya na kan doguwar kujera ta miƙe ƙafa. Kusa da ita babbar 'yarta ce, Anti Nas, ko fararen kayan aikin ba ta tsaya cirewa ba don kada a fara babu ita. Mijin Tela, Mai Kemis, ya raɓe a kujerar lungu yana danna waya. A ƙasa kan darduma kuma Amarya ce, matar ƙaninsa, da ɗan cikinta na wata huɗu, tana riƙe da kofin shayi.

Tela ta yi sallama, ta durƙusa da ƙyar, hannunta ɗaya riƙe da Kwamanda.

Kwamanda ɗanta ne, shi kaɗai gare ta. Shekararsa huɗu da wata uku, bai taɓa furta kalma ko ɗaya ba. Ita ta laƙaba masa sunan, saboda duk abin da ya samu sai ya jera shi a layi kamar sojoji, ko zarurrukan ɗinkinta, ko maɓallai, ko takalman masu kawo ɗinki. Kuma dole kowane ya fuskanci gaba.

"Hajiya, ina wuni."

"Lafiya. A'a, kada ki nufi waccan kujerar, ƙafarta ba ƙwari. Zauna nan ƙasa inda kike."

Anti Nas ta yi 'yar dariya ta hanci.

Tela ta zauna. A shagonta Tela ake ce mata, har da masu cewa Anti Tela. A gidan nan kuwa Buhu ne sunanta. Da a bayan ido ake faɗa, yanzu an daina wahalar ɓoyewa.

Kwamanda ya zame hannunsa, ya nufi lungun da ke kaiwa ɗakunan ciki, yana tafiya a kan yatsun ƙafa kamar yadda ya saba.

Ta yunƙura za ta bi shi.

"Bar shi," in ji Hajiya. "Gidan kakarsa ne. Kafin ki gama miƙewa ma ya je ya dawo."

Anti Nas ta zuge jaka, ta zaro wani shuɗin kati da ya sha ninki.

Tela ta gane shi nan take.

Katin awon cikinta ne, na cikin Kwamanda. Ita da hannunta ta ba mijinta shekaranjiya don ya yi mata kwafi, saboda cibiyar da ke koya wa irin waɗannan yara magana ta ce a zo da shi ranar Litinin. Wata bakwai tana jiran wannan Litinin ɗin.

Ta juya ta kalli lungu.

"Baban Kwamanda, katin nan kwafi na ce ka yi mini."

Bai ɗago ba.

"Ni na ce ya ba ni," in ji Anti Nas. "Kati ba a karanta shi da tef ɗin awon riga, sai wanda ya yi karatun."

Ta saka tabarau, ta gyara murya.

"Zuwan farko, ciki wata uku. Kilo tamanin da huɗu."

"Tamanin da nawa?" Hajiya ta kama kunne. Ta ji sarai.

"Da huɗu, Hajiya. Wata biyar, tamanin da tara. Wata bakwai, casa'in da biyar. Nan kuma ga jan biro, sukari ya hau. Zuwan ƙarshe..."

Ta dakata, ta kalli kowa ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗari da biyu."

"Innalillahi," in ji Hajiya. "Da jaririn ko ban da shi?"

"Jaririn kilo nawa ne duka-duka? Sauran ai nata ne."

Amarya ta sunkuyar da kai cikin kofinta.

Tela ta kafe katin da ido. Kowace lamba a katin nan ta san ranar da aka rubuta ta. Ta san yadda take cire takalmi da mayafi kafin ta hau sikeli, ko Allah zai sa ya rage rabin kilo.

"Anti, me ya kawo wannan maganar yanzu?"

"Abin da ya kawo ta yana can ciki yana yawo a kan yatsu."

Anti Nas ta ɗauko waya, ta shafa, ta juyo da fuskarta ga Hajiya, wadda ko sunanta ba ta iya karantawa a waya.

"Ga shi nan, masu bincike sun bi mata dubbai. Uwar da ta shiga ciki da ƙiba, ta kuma ƙara a kai, 'ya'yanta sun fi samun wannan matsalar. Rashin magana, rashin kallon ido, duk abin da kike gani. Shekara huɗu muna cewa iska ce, muna cewa baki ne, ashe abin yana zaune a gabanmu ya cika darduma."

"Ni dama na faɗa," in ji Hajiya. "Ruwa ba ya tsami banza. A danginmu kaf babu wanda ya haifi kurma."

"Ba kurma ba ne, Hajiya. Yana ji."

"To me ya hana shi amsawa?"

Tela ta juya ga Anti Nas.

"Ni ma na tambayi likitar yara wannan maganar, Anti. Ban ɓoye mata komai ba. Ta ce gaskiya ne ƙiba tana iya ƙara haɗari, amma ba wanda zai nuna abu ɗaya ya ce shi ne. Ta ce akwai ramammu da suka haifi irinsa, akwai masu jiki da nasu lafiya lau. Ta ce akwai gado, akwai abin da har yau ba a..."

"Gado?" Hajiya ta sauke ƙafa. "Gadon wa?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Lallashinki ta yi," in ji Anti Nas. "Mu ma muna yi. In mara lafiya ya zo yana hawaye sai a shafa masa baya a sallame shi. Amma nan gida ne, gaskiya za a faɗa miki. Cokali ne ya yi wa yaron nan illa, kuma a hannunki yake."

Ni dai ban taɓa ganin inda aka yanka mutum a zaune ana kiran abin gaskiya ba sai a falon nan.

Tela ta kalli hannayenta. Hannayen da suke kan keken ɗinki tun safe, yatsa ɗaya ma naɗe da filasta.

Ba ta musa ba. Abin da zai ba ku haushi ke nan. Shekara huɗu tana faɗa wa kanta wannan maganar a banɗaki, Anti Nas murya kawai ta ba ta.

"To yanzu me kuke so in yi?"

Hajiya ta kalli lungu.

"Babana, faɗa mata."

Mai Kemis ya kife wayar a cinya. Bango yake kallo.

"Mun yanke shawara. Kwamanda zai zauna a nan wurin Hajiya."

"Kwana nawa?"

"Zai zauna dai."

"Litinin fa?"

"Babu wata Litinin," in ji Hajiya. "Ba za a kai mini jika wurin taron naƙasassu a riƙa nuna shi da baki ba. Sangarta ce ke damunsa. Kafin ya nuna kofi kin miƙa masa, to me zai sa ya yi magana? Ni wuni ɗaya zan hana shi ruwa, da bakinsa zai ce ruwa."

Tela ta matso gaban kujerar Hajiya.

"Hajiya, don Allah. Ba zai ce ba. In ƙishirwa ta dame shi kansa zai riƙa bugawa a bango. Ba ya cin abinci sai a koren farantinsa. Ba ya barci sai da tef ɗina a hannunsa. In aka kunna injin markaɗe..."

"Kin ji ko?" Hajiya ta kalli 'yarta. "Ta mayar da shi sarki."

"Ke ko binsa da gudu ba kya iyawa," in ji Anti Nas. "Ranar da ya fita titi wa ya kamo shi? Ba mai shagon kusa da ku ba? Ke kina baya kina haki."

"Baban Kwamanda." Tela ta juya ga mijinta. "Kai ka san shi. Ka san ba zai iya ba. Mu je gida mu yi magana mu biyu."

"Kayansa suna ciki. Na kawo su da safe kina shago."

"Har farantin?"

Ya kalli uwarsa.

Ashe bai ma san da farantin ba.

Daidai nan aka ji ƙaras.

Kwamanda ne. Ya fito daga lungu rungume da wata kwalba mai ruwan ƙasa, ya ajiye ta a tsakiyar falon inda darduma ta ƙare. Ya juya ta a hankali har takardar jikinta ta fuskanci gaba. Ya koma ciki.

"Ka ga irinta ko," in ji Anti Nas. "Da wani yaron ne da yana can yana ƙwallo."

Ya dawo da ta biyu. Ya ajiye kusa da ta farko, ya daidaita.

Ya koma.

Ta uku.

Hajiya, wadda tun ɗazu bakinta bai huta ba, ta yi ɗif.

"Daga ina yake kwaso waɗannan?" Anti Nas ta tambaya.

"Tarkace ne. Kai, bar nan. Babana, kama shi."

Mai Kemis bai motsa ba. Idonsa na kan kwalaben, kuma a karon farko tun shigowarta Tela ta ga ya manta da wayarsa.

Ta huɗu, ta biyar, ta shida. Daga ƙarshe yaron ya fito da wata 'yar farar roba mai murfi, ya ajiye ta a gaban layin. Ya ja da baya, ya tsuguna, yana kaɗa hannuwa don murna.

"Ai maganin jinina ne," in ji Amarya.

Kowa ya juyo.

Ta tsargu, ta yi murmushin yaƙe.

"Na ƙarƙashin gadon Hajiya. Shi take zuba mini a shayi safe da yamma. Ta ce na cika rama, jinina bai isa ciki ba."

"Ke rufe mini baki," in ji Hajiya.

Anti Nas ta miƙa hannu ta ɗauki kwalba ɗaya. Kwamanda ya yi ƙara. Ba ta kula shi ba. Ta karanta takardar, ta ɗauki farar robar ita ma, ta buɗe, ta leƙa. An daka ƙwayoyin sun zama gari, amma sunan yana jiki.

Ta cire tabarau.

"Hajiya, wannan ba na jini ba ne."

"To na mene ne, Anti?" in ji Amarya.

Anti Nas ta kawar da kai. Ta matsa kusa da uwarta, ta rage murya, amma falon ya yi tsit har ana jin agogon bango.

"Ruwan na buɗe ciki ne, na sa cin abinci. Garin kuma mai kumbura jiki ne, yana tayar da sukari. Ba a ba mai ciki wannan haka kawai. Tun yaushe take sha?"

Amarya ta ajiye kofin a hankali, ta ɗora hannu a kan cikinta.

Tela kuwa ba fuskar kowa take kallo ba. Kwalaben take kallo, waɗanda ɗanta ya juyo mata da su gaba.

Kowace da rubutun jan alƙalami a jiki.

Duk wanda ya taɓa sayen magani a shagon mijinta ya san wannan rubutun. Ko na ciwon kai ka saya sai ya rubuta maka ƙa'idar sha a jiki, ya ja layi biyu a ƙasa. Da shi yake alfahari, yana cewa shi ba irin masu miƙa wa mutane magani a leda ba ne.

*Cokali biyu a shayi, safe da yamma.*

Da layi biyu a ƙasa.

"Amarya, miƙo mini kofin nan."

"Yaya..."

"Miƙo."

Ta kurɓa kaɗan, ta riƙe a baki.

Zaƙi mai kauri, sannan wani ɗan ɗaci da ke maƙalewa a maƙogwaro.

Shekara huɗu da wani abu, harshenta bai manta ba.

Shekaru biyun farko na aurenta a gidan nan ta yi su, a ɗakin da Amarya take ciki yanzu. Rigar da ta shigo da ita da kanta ta ɗinka, ƙugu inci ashirin da shida, yana nan a shafin farko na littafin awonta. Kullum safe da yamma Hajiya da kanta take kawo mata shayi, har ƙawayenta suna cewa ta yi dacen suruka. Wata biyu ta fara farkawa da yunwa kamar ana yaƙushin cikinta. Wata shida ta buɗe rigunanta gaba ɗaya ta ƙara musu ƙyalle. Fuskarta ta zama kamar faranti. Cikin Kwamanda ya shiga tana sha, ya fita tana sha.

Ta yi azumi. Ta yi kuka a kan sikeli. Ta roƙi Allah ya cire mata haɗama.

Ta haɗiye shayin.

"Baban Kwamanda."

Ya juya fuska ga bango.

"Nawa maganin ma kai ka rubuta?"

Ya shafa ƙeya.

"Wannan tsohuwar magana ce."

"Kai ka rubuta?"

"Hajiya ce ta ce in kawo."

"Ina da ciki kana kawowa?"

"Ban san za ki yi haka ba. Wasu suna sha su tsaya daidai. Ke ce jikinki ya wuce gona da iri." Ya ɗan ɗaga kafaɗa. "Da farko ma ai kin yi kyau."

Ku yi haƙuri, ni nan sai da na ajiye wayar na sha ruwa. Mutumin nan shi ne wanda ya daina fita da ita unguwa. Shi ne yake cewa ta zauna a bayan mota don tayar gaba tana lotsawa.

"Eh, na zuba," in ji Hajiya. Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ko gezau. "Sai me? An kawo mini ke kamar tsinken tsintsiya, duk wanda ya shigo sai ya ce ɗana ba ya ciyar da matarsa. In zuba ido a zage mu? Gyara ki na yi. Na zuba miki a shayi, amma ni na riƙa ɗura miki abinci? Ni na buɗe miki baki?"

"Ni ma shi ke nan haka zan zama?" Amarya ta tambaya, hawaye na zuba. "Abin da ke cikina fa, Anti?"

"Ke dakata." Anti Nas ta mayar da murfin robar, ta tura ta cikin jakarta. "Kada a yi saurin yanke hukunci. Irin wannan lalurar ba wanda zai nuna abu ɗaya ya ce shi ne ya jawo. Akwai dalilai da yawa, wasu ma har yau ba a san su ba."

Tela ta yi dariya.

Ba ta yi niyya ba, fitowa kawai ta yi, busasshiya.

"Ɗazu an iya nunawa, Anti."

"Kada ki yi mini rashin kunya."

"Ɗazu cokali ne, kuma a hannuna yake. Yanzu da aka ga hannun da ke riƙe da cokalin, sai ilimi ya dawo?"

"Wannan maganar gida ce, a nan za ta mutu. In ta fita, shagon ƙanina za a rufe. Kin fahimta?"

Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani.

Tela ta dafa ƙasa, ta miƙe. Ba wanda ya yi dariyar miƙewarta wannan karon.

"Ba ni katina."

Anti Nas ta kalli ƙaninta. Ya taso, ya karɓi katin daga hannunta, ya ninke, ya saka a aljihun gaban rigarsa.

"Ba inda katin nan zai je. Mutanen cibiyar nan tambaya gare su. Me kika sha, wa ya ba ki."

"To riƙe. Zan je musu da bakina."

Ta nufi ɗanta.

Hajiya ta riga ta. Ta taso da saurin da ba a san tana da shi ba, ta sa ƙafa ta shure layin kwalaben. Suka tarwatse, ɗaya ta fashe a jikin bango.

"Munafukin yaro. Bakinsa ba ya magana, hannunsa ya iya tone-tone."

Kwamanda ya sandare.

Sai ya ƙwalla wata irin ƙara, ya faɗi, ya fara buga goshinsa a ƙasa. Sau ɗaya. Sau biyu.

Kafin na uku tafin hannun uwarsa yana tsakanin goshinsa da siminti.

Ta ɗago shi, ta matse shi a ƙirjinta da ƙarfi, yadda ta gano da kanta cewa shi ne kaɗai ke saukar da shi. Yana shure-shure, yana cizon kafaɗarta. Ta zaro tef ɗin awo daga wuyanta, ta naɗa masa a hannu.

"Na zo, Kwamanda. Na zo. Za mu sake jerawa a gida."

Wannan jikin da suke zagi, a cikinsa yaron ya nutse. Ƙarar ta fara sauka.

Ta juya ta nufi ƙofa da shi a kafaɗa.

"Ina za ki kai mini jika?" in ji Hajiya. "Sauke shi."

Ba ta tsaya ba.

"Da ke nake, Buhu. Sauke shi na ce. Kin cuce shi a ciki, za ki ƙarasa shi a waje? Buhu. Ke Buhu."

Saura taku biyu ta kai ƙofa.

"Bu-hu."

Ta tsaya cak.

Ba muryar Hajiya ba ce.

Wata 'yar murya ce, siririya, a shaƙe don kuka, daidai saitin kunnenta. Muryar da ba ta taɓa jin ta da kalma a ciki ba.

Ta janye shi daga kafaɗarta a hankali, ta riƙe shi a gabanta.

Ba idonta yake kallo ba, bai taɓa kallo ba. Haɓarta yake kallo. Ya ɗaga hannun da ke naɗe da tef, ya dafa kumatunta.

"Buhu."

Shekara huɗu da wata uku. Kullum bayan ta rufe shago sai ta zaunar da shi a kan teburin yanka, ta riƙe fuskarsa, ta ce, ce Mama. Ma-ma. Kalli bakina. Ta yi sau dubu nawa, Allah kaɗai ya sani.

Anti Nas ce ta fara. Ta toshe baki da hannu, amma dariyar ta fi ƙarfinta.

"Wallahi ko shi ya san sunanta."

Tela ba ta ji ta ba. Ta zube a bakin ƙofa da yaron a hannu. Hawaye na sauka har kan tef ɗin.

"Sake faɗa," ta ce. "Kwamanda, sake faɗa mini."

"Buhu."

"Na'am," in ji Tela. "Na'am, ɗana. Ga ni."

Amarya ta fashe da kuka, ta tashi da gudu ta shige ciki.

Hajiya kuwa ta koma kan kujerarta, ta miƙe ƙafa, ta kalli ɗanta da murmushi.

"Ka gani da idonka, Babana. Shekara huɗu a hannunta ko uffan bai ce ba. Awa ɗaya a gidana, daga bakina, ya yi magana. To faɗa mini a inda ya kamata ya zauna."

Mai Kemis ya kalli uwarsa. Ya kalli matarsa a ƙasa.

Ya tako a hankali, ya ratsa ta gefenta, ya murza makullin ƙofar sau biyu. Ya zare shi, ya jefa a aljihun da katin yake.

Sannan ya miƙo hannuwa biyu.

"Ba ni shi."